Yadda Ɗan Kasuwar Kano Zai Tsara Sarinsa Daga Sin Idan Ya Fahimci Batun Taiwan da Hannun Gwamnati a Masana'antu

Duk ɗan kasuwar da ke saro kaya daga ƙasar Sin, ko atamfa da shadda ne na Kantin Kwari, ko wayoyin Farm Centre, ko faifan sola da batura na Sabon Gari, da ɓangare biyu yake ciniki a lokaci guda, ko da kuwa ɗaya kawai ya gani ido da ido. Na farko shi ne mai masana'antar da ya yanka masa farashi. Na biyu ita ce gwamnatin Sin, wadda ta ba masana'antar filin da take zaune a kai, bankunanta suka ba ta rance, take ƙayyade mata wutar lantarki, kuma take mayar mata da wani kaso na haraji idan ta fitar da kaya waje. Wannan gwamnati tana da batu guda da ba ta yarda a taɓa shi ko da wasa, wato tsibirin Taiwan, kuma ta sha nuna cewa za ta iya amfani da kasuwanci wajen hukunta wanda ya saɓa mata a kansa. Don haka nake ganin sanin waɗannan abubuwa biyu ya shiga cikin sana'ar sari kamar yadda sanin farashin dala a Wapa ya shiga. Abin da ke tafe bayani ne kan yadda mutum zai san su, da yadda zai tsara odarsa da takardunsa da kuɗinsa bisa wannan sani.

Fara da sanin asalin taƙaddamar

Taiwan tsibiri ne mai mutane kimanin miliyan 23, kuma mashigin teku ne ya raba shi da gaɓar lardin Fujian na Sin, mashigin da faɗinsa a inda ya fi ƙunci kusan kilomita 130 ne. Japan ta mulki tsibirin daga 1895 zuwa 1945. Bayan yaƙin duniya na biyu ya koma hannun gwamnatin Jamhuriyar Sin ta jam'iyyar Kuomintang, ƙarƙashin Chiang Kai-shek. Da 'yan kwaminisanci ƙarƙashin Mao Zedong suka ci yaƙin basasa suka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a ranar 1 ga Oktoba 1949, sai Chiang ya tsallaka Taiwan da gwamnatinsa da ragowar sojojinsa, ya ci gaba da iƙirarin cewa tasa ce halastacciyar gwamnatin Sin baki ɗaya. Gwamnatin tasa ce ta riƙe kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya har zuwa Oktoba 1971, lokacin da ƙuduri mai lamba 2758 ya miƙa kujerar ga Beijing.

Matsayin Beijing bai sauya ba tun daga wancan lokaci: Sin ɗaya ce a duniya, Taiwan yankinta ne, kuma gwamnatin Beijing ce kaɗai ke wakiltar ta. Tana cewa ta fi son haɗewa cikin lumana, amma ba ta taɓa yin alkawarin ajiye ƙarfin soja ba, kuma a 2005 ta kafa dokar da ta ba ta damar yin amfani da hanyoyin da ba na lumana ba idan tsibirin ya ɓalle. A ɗaya ɓangaren, Taiwan tana da gwamnatinta, da sojojinta, da kuɗinta, da fasfonta, tana kuma zaɓen shugabanta kai tsaye tun 1996, kuma gwamnatin kwaminisanci ba ta taɓa mulkar tsibirin ba. Shugabanta na yanzu, Lai Ching-te, wanda aka zaɓa a Janairu 2024, ɗan jam'iyyar da Beijing ke kallo a matsayin ta 'yan aware ne. Amurka kuwa ta mayar da huldar jakadancinta zuwa Beijing a 1979, amma a wannan shekarar majalisarta ta yi dokar da ta tanadi ci gaba da ba Taiwan makaman kare kai. Wanda ya riƙe waɗannan 'yan bayanai zai iya fahimtar mafi yawan labaran da yake ji a rediyo kan wannan rikici, kuma ba zai firgita da kowane kanun labari ba.

Ka san inda Najeriya ta tsaya

Najeriya ta ƙulla huldar jakadanci da Beijing a ranar 10 ga Fabrairu 1971, kuma ta amince da manufar Sin ɗaya. A Janairu 2017, lokacin ziyarar ministan harkokin wajen Sin Wang Yi, gwamnatin tarayya ta umarci ofishin kasuwancin Taiwan da ya tashi daga Abuja ya koma Legas, inda yake aiki yanzu da sunan Taipei, babban birnin Taiwan. Maƙwabtanmu ma sun bi wannan layi ɗaya bayan ɗaya: Nijar ta koma wa Beijing a 1996, Chadi a 2006, Burkina Faso a 2018. A duk nahiyar Afirka, Eswatini ce kaɗai ta rage da ke da huldar jakadanci da Taiwan.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a sarari take. Ciniki da kamfanonin Taiwan halas ne a dokar Najeriya, kuma ita kanta Sin tana ciniki mai yawa da tsibirin, to amma ta fuskar takardu wurare biyu ne daban. Bizar Sin ba ta shigar da mutum Taiwan, kwastan ɗinsu daban, kuɗinsu daban, har rubutunsu ya ɗan bambanta, domin Taiwan ta riƙe tsohon salon haruffa yayin da Sin ta sauƙaƙa nata. Taiwan mamba ce a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 2002 a matsayin yankin kwastan mai zaman kansa. Saboda haka idan injin ɗinki ko kayan gyaran mota daga Taiwan suka fito, a rubuta hakan daidai a fom M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, da takardar asalin kaya, kada ejan ya haɗa su da kayan Guangzhou a takarda ɗaya don neman sauƙi, domin saɓani tsakanin abin da ke jikin kwali da abin da ke cikin takarda yana iya tsayar da kwantena a Apapa makonni ana lissafa mata kuɗin ajiya.

Kame harshe da alƙalami

Wannan ɓangaren gajere ne, amma kuskure a cikinsa yana da tsada. A 2018 hukumomin Shanghai sun sa an rufe shafin intanet na otal ɗin Marriott na Sin na mako guda saboda ya lissafa Taiwan cikin jerin ƙasashe, kuma a shekarar ne aka matsa wa kamfanonin jiragen sama na duniya su gyara yadda suke rubuta sunan tsibirin. A 2021, da Lituweniya ta bari aka buɗe ofishi mai ɗauke da sunan Taiwan a babban birninta, Beijing ta rage matsayin huldar jakadanci da ita, kayan ƙasar kuma suka daina wucewa a kwastan ɗin Sin. Ita kanta Taiwan an hana shigar da abarbarta Sin a Maris 2021. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma idan an yi wa ƙasa sukutum haka, mai shago ɗaya a Kwari ba shi da dalilin jarraba sa'arsa.

Saboda haka idan kana da kasidar tallan kamfani, ko kalanda, ko taswira da za a buga maka a Sin, ka duba yadda aka nuna Taiwan a ciki kafin ka aika, domin kwastan ɗinsu na riƙe taswirar da ta saɓa wa tasu. A WeChat ka tsaya kan maganar yadi da farashi da ranar lodi, domin manhajar tana ƙarƙashin dokokin tace bayanai na ƙasar. Idan kuma mai masana'anta ya gayyace ka cin abinci, aka zauna a teburi mai juyawa ana zuba maka shayi, sai wani ya tambaye ka ra'ayinka kan Taiwan, amsar da ta fi dacewa ita ce gaskiyar da ba ta cutar da kowa: gwamnatin Najeriya tana bin manufar Sin ɗaya, kai kuma ciniki ya kawo ka. Ba na cewa mutum ya yi ƙarya ko ya zubar da ra'ayinsa. Mutanen Taiwan miliyan 23 suna da haƙƙin a saurari abin da suke so game da makomarsu, kuma ina ganin ya kamata mu riƙa faɗin haka a tsakaninmu. Amma teburin baƙunci a ƙasar mutane ba wurin warware wannan ba ne, kuma shi kansa mai masaukin naka yana iya shiga matsala saboda hirar da kai za ka hau jirgi ka bar ta.

Koyi ganin hannun gwamnati a cikin farashi

A nan ne ya kamata mai sari ya fi ba da lokacinsa. Arhar kayan Sin tana da tarihi. A Disamba 1978 jam'iyyar kwaminis ƙarƙashin jagorancin Deng Xiaoping ta ɗauki hanyar gyaran tattalin arziki da buɗe ƙofa, a 1980 kuma aka kafa yankunan tattalin arziki na musamman guda huɗu, wato Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen. Zaɓen wuraren ma siyasa ce: Shenzhen tana jikin Hong Kong, Zhuhai tana jikin Macau, Xiamen kuma tana fuskantar Taiwan, domin a jawo jarin Sinawan da ke waɗancan wurare. Dabarar ta ci, kuma kamfanonin Taiwan suna cikin waɗanda suka fi zuba jari, misali Foxconn mai haɗa wayoyin iPhone a Zhengzhou da Shenzhen. Shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamba 2001 ta buɗe mata kasuwannin duniya, kuma a shekarun da suka biyo baya ne atamfarta ta cika Kwari.

Duk da wannan buɗe ƙofa, gwamnati ba ta saki linzami ba. Filayen birane mallakarta ne, hayar amfani kawai take bayarwa. Manyan bankuna huɗu nata ne, ban da bankunan aiwatar da manufofin gwamnati da ta kafa a 1994, irin su Bankin Raya Ƙasa na Sin da Bankin Shige da Fice na Sin. Wutar lantarki, da layin dogo, da manyan tashoshin ruwa, da man fetur, galibinsu a hannun kamfanoninta suke. Babban bankinta yana yanka tsakiyar farashin yuwan kowace safiyar ranar aiki, ba ya barin ya kauce da fiye da kashi 2 cikin ɗari a kasuwar cikin gida. Tun 1953 kuma ƙasar take tafiya bisa shirin shekara biyar-biyar, wanda ke faɗin masana'antun da za a ɗaga da waɗanda za a rage. Na 14 ya shafi 2021 zuwa 2025, na 15 kuma 2026 zuwa 2030. Masana'antar da ka saro wa kaya tana iya zama ta mutum mai zaman kansa, amma iskar da take shaƙa gwamnati ce ke sarrafa ta.

Abu na farko da za ka riƙa tambaya shi ne harajin da ake mayar wa masu fitar da kaya. Harajin kayayyaki na yau da kullum a Sin kashi 13 ne cikin ɗari, kuma gwamnati tana mayar da shi duka ko wani sashe ga mai fitarwa, gwargwadon yadda take son ƙarfafa wannan kaya. Da yawa daga masu masana'antu ribarsu a cikin wannan mayarwar take, shi ya sa suke iya ba ka farashin da kake mamaki. Ranar da aka taɓa ta kuwa, farashi yana motsawa nan take. A Mayu 2021 an soke mayarwar ga nau'o'in ƙarfe da dama, kuma daga 1 ga Disamba 2024 an soke ta ga kayan alminiyam da tagulla, aka kuma rage ta daga kashi 13 zuwa kashi 9 ga kayan sola da batura. Irin wannan sanarwa takan fito makonni kaɗan kafin ta fara aiki. Saboda haka kafin ka biya kafin alƙalami, ka tambayi mai masana'anta kai tsaye: nawa ne kason mayarwa a kan wannan kaya, kuma idan ya sauya kafin lodi, wa zai ɗauki bambancin? Ka sa a rubuta amsar a cikin takardar oda, tare da adadin kwanakin da farashin zai tsaya.

Abu na biyu shi ne umarnin da ke iya tsayar da aiki. A Satumba 2021 an taƙaita wa masana'antu wuta a larduna irin su Zhejiang da Jiangsu da Guangdong, saboda tsadar kwal da kuma ƙa'idar rage amfani da makamashi da aka ɗora wa gwamnonin larduna, har wasu masaƙu da marinai suka koma aikin 'yan kwanaki a mako. Wannan ya shafi mutanen Kwari kai tsaye, domin Keqiao ta Shaoxing, babbar cibiyar yadi da rini, a Zhejiang take. A 2021 cutar korona ta sa an taƙaita aiki a tashar Yantian ta Shenzhen, a 2022 kuma aka kulle Shanghai kusan wata biyu. A duk waɗannan lokuta mai masana'anta ba shi da ta cewa, kuma roƙo ko faɗa a waya ba ya fitar da dila ɗaya. Abin da ke taimakawa shi ne ka sami masana'antu biyu a larduna daban da suka san samfurinka, ko da ɗayar ƙaramar oda kake ba ta don riƙe zumunci, kuma ka yi odar kayan Sallah da wuri. Ka haɗa kalandarmu da tasu: hutun sabuwar shekarar Sinawa yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu kan rufe makonni, sannan akwai hutun mako guda daga 1 ga Oktoba. A 'yan shekarun nan da azumi ke kamawa kusa da wancan hutu na farko, wanda bai yi lodin shaddar ƙaramar Sallah kafin a rufe ba ya makara.

Abu na uku shi ne alkiblar shirin kansa. Tun da aka ƙaddamar da shirin masana'antu na 2015 mai burin 2025, Sin ta karkata kuɗi da filaye zuwa motoci masu lantarki, da batura, da sola, da injuna masu sarrafa kansu, yayin da ake matsa wa ƙananan masana'antu masu gurɓata ruwa da iska su gyara ko su rufe. Inda gwamnati ta zuba tallafi, masana'antu kan yi yawa har su yi ta karya wa juna farashi, kuma wannan ne ya sa faifan sola ya yi arhar da talaka a Kano ya fara iya saye. Amma gasar da ke kawo arha ita ce kuma ke kashe ƙananan kamfanoni, saboda haka garantin shekaru da kamfanin da ba a san shi ba ya rubuta a jikin batir yana iya zama takarda kawai. A irin wannan kaya gara mutum ya ƙara kuɗi kaɗan ya saya daga kamfanin da ya daɗe.

Tantance wanda kake ba kuɗinka

Tsarin gwamnatin Sin yana da wani amfani da mutanenmu ba su cika cin moriyarsa ba, wato kowane kamfani yana da rajista da za a iya dubawa. Ka nemi hoton lasisin kasuwancinsa. A samansa akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 18, sannan sunan kamfanin da rubutun Sinanci, da sunan wakilinsa na shari'a, da ranar kafa shi, da jarin da ya yi rajista da shi, da kuma layin da ke bayyana ayyukan da aka yarje masa. Wannan layin ne zai nuna maka ko mai ƙera kaya ne ko dillali ne mai saye da sayarwa. Ka ba wanda ya iya Sinanci lambar ya duba ta a shafin gwamnati na bayanan kamfanoni. Kwangila kuma ta ɗauki jan hatimin kamfanin, mai zagaye, wanda sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na lasisi harafi da harafi, domin a can hatimi ya fi sa hannu ƙarfi. Kuɗi su tafi asusun da ke ɗauke da wannan suna. Al'adar ciniki ita ce a biya kusan kashi 30 a farko, ragowar kuma bayan an duba kaya kafin lodi, kuma bai kamata a yarda a biya duka tun kafin a ɗora zare a inji ba. Wanda ke son ganin masana'antu da yawa a wuri ɗaya ya nufi baje kolin Canton a Guangzhou, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, daga Afrilu da kuma daga Oktoba. Kayan lantarki a zangon farko suke, tufafi da yadi kuma a na uku.

Game da kuɗi, a 2018 Babban Bankin Najeriya da na Sin sun ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15, an kuma sabunta ta daga baya. Ka tambayi bankinka ko za a iya buɗe maka fom M da yuwan, ka kuma nemi mai masana'anta ya ba ka farashi biyu, na dala da na yuwan, ka kwatanta. Sau da yawa yakan ɗora wani abu a farashin dala don kare kansa daga motsin canji.

Idan hankali ya tashi a mashigin

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko za a yi yaƙi. Abin da mai sari zai iya yi shi ne ya san alamomi, ya kuma san hanyar da kayansa ke bi. A Agusta 2022, bayan ziyarar kakakin majalisar wakilan Amurka Nancy Pelosi a Taipei, Sin ta yi atisayen soja a kewayen tsibirin har da harba makamai masu linzami. Ta sake yin manyan atisaye a Afrilu 2023, da Mayu 2024 bayan rantsar da Lai, da Oktoba 2024 bayan jawabinsa na ranar 10 ga watan, wato ranar bikin ƙasa ta Taiwan. Kowannensu kwanaki ya ɗauka, jiragen ruwa suka kauce wa wuraren da aka killace, ciniki kuma bai tsaya ba. Lokutan da ya kamata a sa ido su ne zaɓen shugaban Taiwan da ake yi a Janairu duk shekara huɗu, da rantsarwa a 20 ga Mayu, da ranar 10 ga Oktoba, da duk wata ziyarar babban jami'in Amurka.

Ka buɗe taswira ka duba tashar da ake yi maka lodi. Jirgin da ya tashi daga Shanghai ko Ningbo, inda kayan Keqiao da Yiwu ke fita, dole ya gangaro kudu ta cikin mashigin Taiwan ko ta gabashin tsibirin. Wanda ya tashi daga Nansha ta Guangzhou ko daga Shenzhen yana kudu da mashigin tun farko, sai ya nufi Singafo. Saboda haka idan labarai suka yi zafi, ka tambayi ejanka nawa ne ƙarin kuɗin ɗauko kaya ta mota ko jirgin ƙasa zuwa tashar kudu. Ka kuma karanta takardar inshorarka, domin inshorar kaya ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar yaƙi sai an ƙara wannan sharaɗi an biya kuɗinsa.

Masu wayoyi suna da ƙarin dalilin kulawa. Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, amma ƙwaƙwalwar da ke cikin da yawa daga wayoyin Tecno da Infinix ta kamfanin MediaTek ce, wanda ke Hsinchu a Taiwan. A wannan gari ne kuma hedikwatar TSMC take, kamfanin da Morris Chang ya kafa a 1987 da tallafin gwamnatin Taiwan, wanda yanzu ya fi kowa ƙera irin waɗannan ƙwaƙwalen lantarki a duniya. Wayar da yaro ke kwancewa a kan teburin gyara a Farm Centre, allonta da batirinta daga Sin suke, ɗan baƙin murabba'in da ke tsakiyarta kuma daga tsallaken mashigin. Duk abin da ya tsayar da zirga-zirga tsakanin gaɓar biyu zai bayyana a farashin waya kafin ya bayyana a farashin atamfa, kamar yadda ƙarancin waɗannan ƙwaƙwale ya nuna a 2021. Mai shagon waya ya riƙe ɗan ajiyar kayan gyara masu saurin fita, amma kada ya zuba duk jarinsa a samfurin da zai tsufa cikin wata shida saboda jita-jita.

Yi amfani da ƙofar da ke buɗe ta ɗaya ɓangaren

Siyasar da ke hukunta masu saɓawa tana kuma saka wa masu bi. A Disamba 2024 Sin ta cire harajin shigo da kaya ga ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da ke da hulda da ita, ciki har da 33 na Afirka, a Yuni 2025 kuma ta sanar a Changsha cewa za ta faɗaɗa wannan ga duk ƙasashen Afirka 53 da ke da huldar jakadanci da ita, wato kowa ban da Eswatini. Ga Kano wannan magana ce ta riɗin Dawanau da fatun majemun Challawa da Sharaɗa. Wanda ke son fitarwa ya fara da rajista a hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta Najeriya, ya nemi takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona, sannan ya tabbatar daga mai sayensa cewa kwastan ɗin Sin sun amince da shigar wannan nau'in kaya daga Najeriya, domin cire haraji bai ɗauke sharuɗɗan tsabta da rajista ba. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Janairu 2023, da layin dogon Kaduna zuwa Kano da kamfanin CCECC na gwamnatin Sin ke ginawa, an yi su ne don irin wannan zirga-zirga, kuma zai zama asara idan kwantenoni suka ci gaba da zuwa cike suna komawa wayam.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan batu shi ne masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka yi shiru, da marinan da suka yi zanga-zanga a Kano a 2015 kan yadin Sin da ya kashe musu kasuwa. Sin da Taiwan, duk da gabarsu, hanya mai kama da juna suka bi wajen gina masana'antu: gwamnati ta zaɓi fanni, ta samar da wuta da fili da rance, ta daɗe a kai. Mu kuwa a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, a Oktoba 2023 kuma aka ɗage takunkumin dala da aka sa wa jerin kayayyaki 43, ciki har da yadi, alhali matsalar wutar masaƙa tana nan inda take. Ɗan kasuwa ba zai iya gyara manufar ƙasa shi kaɗai ba, amma idan ya je Keqiao ko Foshan yana iya tambayar farashin injin tare da farashin yadin, ya tambayi yawan wutar da yake ci, da ko kamfanin zai turo injiniya ya kafa shi ya horar da yara, da inda za a sami kayan gyaransa. Ƙananan matakai irin su ɗinki, da surfani na inji, da buga zane a kan farin yadi, da haɗa fitilun sola daga sassa, ba sa buƙatar jarin babbar masaƙa, kuma 'yan kasuwa biyar ko shida da suka amince da juna za su iya haɗa kuɗin layi ɗaya su kafa shi a ɗaya daga cikin rumbunan Sharaɗa da ke rufe.